Martani Ga Mai Cewa Jan Ɗigo Ya Kashe Gwanintar Harbi

 Na karanta rubutunka na makon jiya a kan gasar harbi da bindigar hannu, na sake karantawa, sannan na ajiye shi kwana uku kafin in ɗauki alƙalami, don kada zafin rai ya riga hujja fitowa. Da farko ina yi maka godiya. Ba kasafai ake samun wanda zai zauna ya yi wa masu karatun Hausa bayanin wannan wasa ba, wasan da yawancin mutanenmu a bidiyo kawai suke ganinsa. Na kuma gane daga kalamanka cewa ka taɓa tsayawa a filin harbi, ba labari aka ba ka ba. Sai dai hukuncin da ka yanke wa saitin jan ɗigo bai yi masa adalci ba, kuma ina jin tsoron sabon shiga da ya karanta ka zai tafi da fahimtar da za ta ci masa shekaru. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Maganarka ta tattaru a abu huɗu. Ka ce jan ɗigo yana yi wa maharbi aikinsa, saboda haka ya kashe gwaninta. Ka ce gasa ta koma ta masu kuɗi, wanda ya fi tsadar gilashi shi ke tafiya da kofi. Ka ce abin da ke aiki da batir ba abin dogaro ba ne. Sannan ka rufe da shawarar cewa mai son zama maharbin gaske ya guji gilashi, ya riƙe saitin ƙarfe har abada. Ni shekara tara ke nan ina shiga gasar wata ƙaramar ƙungiya a nan Amurka, inda neman abinci ya kawo ni. Biyar na farko da saitin ƙarfe na yi su, huɗun baya da jan ɗigo. Na sha ruwan rijiyoyin biyu, don haka bari in bi maganganun naka ɗaya bayan ɗaya.

Kafin nan akwai kuskure guda da ya kamata a gyara, domin a kansa ka ɗora sauran ginin. Ka siffanta na'urar da cewa tana jefa jan haske a jikin allo, maharbi ya bi hasken ya danna kunama. Wannan siffar leza ce, kuma leza daban, jan ɗigo daban. A saitin jan ɗigo babu wani haske da ke fita ya taɓa allo. Wani ɗan ƙaramin ƙwan lantarki ne a cikin na'urar yake haska wani lanƙwasasshen gilashi, gilashin ya maido da hasken cikin idon maharbi shi kaɗai. Wanda ke tsaye a gefe ba ya ganin komai. Gilashin ba ya kusanto da allo, ba ya ƙara masa girma, ba ya riƙe hannu, ba ya sanin inda allon yake. Dabarar ma ba ta yau ba ce: wani masanin madubin hangen nesa ɗan ƙasar Ayalan, Howard Grubb, ya fito da tushenta tun 1900, kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin kuma ya fitar da mai amfani da lantarki a 1975.

To me na'urar ke yi? Matsalar ido take warwarewa. Idon ɗan'adam ba ya iya tsayawa sarai a kan nisa biyu lokaci guda. Mai saitin ƙarfe kuwa abu uku yake haɗawa a layi: tsagar baya, ƙarfen gaba, da allon da ke can mita ashirin. Shi ya sa tsofaffin malamai suke cewa ka zuba wa ƙarfen gaba ido, ka bar allon ya yi dishi-dishi. Wato an koya mana mu harbi abin da ba mu gani sosai, don babu yadda za a yi. Jan ɗigo ya mayar da abubuwa ukun nan ɗaya. Ka buɗe idanunka biyu, ka kalli allon kansa, ɗigon ya zauna a kai. Iyakarta ke nan. Riƙo, tsayuwa, jan kunama ba tare da hancin bindiga ya motsa ba, tare shurin bindiga bayan kowane harbi, sauya kwanson harsashi a guje, tsara hanyar da za ka bi a fili, duk suna nan a wuyan maharbi kamar yadda suke tun farko.

Kuma waɗannan ɗin su ne gasar. Ƙungiyar IPSC, wadda aka kafa a garin Columbia na jihar Missouri a 1976 ƙarƙashin jagorancin Jeff Cooper, a kan ƙafa uku ta tsayar da wasan: daidaito, ƙarfi da sauri. Reshenta na Amurka, USPSA, haka yake bi. Yadda ake ƙirga maki ya isa ya nuna maka inda nasara take. Tsakiyar allo maki biyar ne, harsashin da ya kuskure allo gaba ɗaya kuma yana jawo a zare maki goma. Ana tara makin mutum a raba da daƙiƙoƙin da ya ɗauka. A ce fage ne mai harbi 24, cikakken makinsa 120. Wani ya samu 120 cif a daƙiƙa 25, sakamakonsa 4.8. Wani ya samu 110 a daƙiƙa 20, nasa 5.5, kuma shi ne a gaba. Ina daƙiƙa biyar ɗin nan suka fito? Daga zaro bindiga a kube, daga yadda ƙafa ke shiga wuri ta fita, daga yadda ido ke tsallakawa zuwa allo na gaba kafin bindiga ta iso. Malam, wanne ne a ciki gilashi ke yi wa mutum?

Ka yi magana kamar jiya abin ya shigo ya ɓata wasa. Tarihi bai goyi bayanka ba. A 1990 Jerry Barnhart ya ci gasar ƙasa ta Amurka da jan ɗigo a kan bindigarsa, kuma a shekarar Doug Koenig ya ci gasar duniya a birnin Adelaide na Ostireliya da irinsa. Shekara talatin da wani abu ke nan. Da na'urar tana kashe gwaninta, da tuni an yi sadakar arba'in. Amma dubi Eric Grauffel, Bafaranshen da ya ci gasar duniya sau biyar a jere a rukunin Open, daga 1999 zuwa 2011, kowane karo da gilashi a kan bindigarsa. Da maganarka gaskiya ce, ranar da aka raba shi da gilashin sai a ga tsiraicinsa. A 2014, a jihar Florida, ya shiga rukunin Production inda saitin ƙarfe kaɗai aka yarda da shi, ya kuma ɗauke kofin duniya. Shekarun da ya yi yana bin jan ɗigo ba su rage masa komai ba. Gwanintar a hannunsa take, kuma da hannunsa ya tafi.

Yanzu bari in gaya maka abin da na gani da idona, domin gani ya kori ji. Ranar da na fara ɗora gilashi a bindigata, na je fili da safe ina tsammanin zan ga ci gaba nan take. Na zaro bindiga, na miƙa hannu, na duba cikin gilashin: babu ɗigo. Sai da na karkata hancin bindigar ƙasa, na murɗa wuyan hannu hagu, sannan ya leƙo daga saman gilashin. Na mayar kube na sake zarowa, haka. A harbi goma, sau bakwai sai na nemi ɗigon. Da ya bayyana kuma, sai na ga yana rawa a kan allon kamar ƙuda a bakin ƙwarya. Da na fara matsa kunama, sai ya zame ƙasa ta hagu, daidai lokacin da bindiga za ta tashi. Wannan zamewar ita ce ciwon da na yi shekara biyar ina fama da shi ban san sunansa ba. Harsasaina kullum ƙasa da hagu suke sauka, ina zargin harsashi, ina zargin iska. Ashe yatsuna uku na ƙasa ne suke matse mariƙi tare da ɗan yatsan kunama. Saitin ƙarfe ya rufa mini asiri shekara biyar, jan ɗigo ya tona shi a safiya ɗaya.

Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe daga duk martanin nan. Jan ɗigo shaida ne da ba ya ɓoye laifin hannu. Rawar da sabon shiga ke gani a cikin gilashi ba na'urar ce ta kawo ta ba. Hannunsa ne yake rawa tun da, yanzu ne ya samu mai gaya masa. Rashin ganin ɗigo lokacin zarowa kuma yana nufin riƙonsa ba iri ɗaya ba ne daga wannan zarowa zuwa waccan. Mai saitin ƙarfe yana gyara wannan karkatar a kan hanya ba tare da ya lura ba, don yana hango ƙarfen gaba da gefen ido. Gilashi ba ya ba da wannan rangwamen. Ko riƙonka ya daidaita, ko ka sami taga babu kowa. Wata uku na yi ina atisayen zarowa a gida kowane dare, da bindiga wayam, harsasai kulle a wani ɗaki, kafin ɗigon ya riƙa faɗowa inda idona yake. Na liƙa ɗan salatif a gaban gilashin, yadda masu koyarwa ke ba da shawara, don in tilasta wa idanuna kallon allo maimakon bin ɗigo. Da na koma na ɗauki tsohuwar bindigata mai saitin ƙarfe bayan wannan, sai na iske harbina da ita ma ya gyaru. Abin da ka kira makashin gwaninta, shi ya zame mini malami.

Sai batun kuɗi. A nan kana da rabin gaskiya, kuma ba zan hana ka ita ba. Wasan yana da tsada, gilashi mai kyau yana iya kai rabin kuɗin bindigar ko fiye. Amma ka manta da abin da masu shirya gasa suka yi tun da daɗewa: sun raba mutane rukuni-rukuni, kowa da sa'ansa. A rukunin Open ne aka saki linzami. A can za ka ga bindigar da aka dasa wa gilashi a jikin gangarta, da hanci mai hudoji da ke fitar da hayaƙi sama don danne shuri, da dogon kwanso. Mai saitin ƙarfe ba ya karawa da waɗannan. Yana da Production, yana da Standard ko Limited, yana da rukunin tsohuwar ƙirar 1911. Da ƙananan gilasai suka yi ƙwarin da za su jure zama a kan silaid, wato ƙarfen saman nan da ke ja da baya ya dawo a kowane harbi, sai USPSA ta buɗe musu Carry Optics a 2015, IPSC ta biyo da Production Optics, daga baya kuma aka ƙara Limited Optics a Amurka. Ba wanda ya ƙwace wa mai saitin ƙarfe kofinsa. Mai son tsantsar ƙarfe ma yana da gasar Olamfik, inda doka ta hana gilashi a bindigar hannu. Duniya ta ga Yusuf Dikeç na Turkiyya a Faris a 2024, hannu a aljihu, ya ci azurfa tare da abokiyar harbinsa. Wancan fage ne, wannan fage ne, kowane da ƙa'idarsa.

A cikin rukuni guda kuma, kuɗi ba ya sayen matsayi. USPSA tana auna maharba da wasu fagage na bai-ɗaya, ta jera su daga ajin D zuwa C, B, A, Master, har Grand Master, wanda sai mutum ya kai kashi 95 cikin ɗari na ma'aunin da aka gindaya. Je kowace gasar ƙarshen mako ka duba allon sakamako. Za ka ga mai bindigar roba ta Glock ko Canik ta Turkiyya, da gilashin Holosun mai sauƙin kuɗi, ya wuce mai bindigar da ta ninka tasa tsada sau huɗu. Idan ka lissafa da kyau ma, babban abin da ke cin kuɗin ɗan gasa harsashi ne. Gilashi sau ɗaya ake saya, harsashi kuwa kowane mako. Wanda ya fi ƙona harsashi da hankali, ya fi atisaye a gida, shi ke hawa.

Maganarka ta uku, cewa abin batir ba abin dogaro ba ne, ita ce ta fi kusa da gaskiya, kuma ni ma na ɗanɗana. A shekarata ta farko da gilashi, na kai bindigata wani shago aka ɗora mini shi a kan faranti, wato ɗan ƙarfen da ke shiga tsakanin gilashi da silaid. Ana tsakiyar gasa, a fage na huɗu, sai na ga harbina yana kaucewa dama, kowane ya fi na baya nisa. Da na gama, alƙalin fili ya tabbatar bindigar ba harsashi, na je teburin da aka keɓe don duba makami, na taɓa gilashin da yatsa sai ya girgiza. Sukuru ɗaya ya kwance, ɗayan ya kusa karyewa. Ranar a ƙasan jeri na ƙare. Amma da na zauna na bincika, laifin ba na ɗigo ba ne. Sukurun da aka sa sun yi gajere, ba a goge mai daga ramukansu ba, ba a sa gam ɗin da ke hana zare kwancewa ba. Ni kuma ban duba ba.

Silaid yana dukan gaba da baya da ƙarfi a kowane harbi, kuma duk abin da aka ɗora masa yana shan wannan duka sau dubbai. Don haka ɗaurin gilashi ya fi sunan kamfaninsa muhimmanci. Tun daga ranar nake bin ƙa'idojin da duk tsohon hannu ya sani. Sukuru ya zama daidai tsawon da aka tsara, don gajere ba ya kamawa, dogo kuma yana iya tokare wani abu a cikin silaid. A ɗaure shi da sukundireba mai auna ƙarfi, daidai adadin da kamfanin ya rubuta. A ja ɗan layin fenti daga kan sukuru zuwa jikin gilashi, yadda kallo ɗaya zai nuna ko ya motsa. A sauya batir kafin babbar gasa ko da bai nuna gajiya ba, a kuma koma fili a tabbatar saiti bai gusa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma Malam, ka san saitin ƙarfe ma yana cin amana. Na ga ƙarfen gaba ya fice ya faɗi cikin yashi, na ga tsinken haske da ake sa masa ya tsinke, na ga tsagar baya ta gusa gefe. Duk abin da hannu ya ƙera yana son kulawa.

Tunda ka ba sababbin shiga shawarar su guji gilashi, bari in ba su tawa, su auna. Abu na farko da za a saya littafin doka ne, kuma kyauta ake samunsa a intanet. A zaɓi rukuni kafin a zaɓi bindiga. Na ga mutanen da suka kashe kuɗi suka yi wa bindiga gyare-gyare, suka zo gasa aka gaya musu gyaran ya fitar da su daga rukunin da suke so, aka jefa su Open cikin manyan kuraye. A Carry Optics dole gilashin ya zauna a kan silaid, kuma ba a yarda da hancin danne shuri ba. A Production Optics sai bindigar tana cikin jerin da IPSC ta amince da shi, harsashi kuma ba ya wuce 15 a kwanso. Akwai ma'aunin ƙarfin harsashi da ake samu ta ninka nauyinsa da gudunsa a raba da dubu, kuma mafi ƙaranci 125 ne. Harsashin milimita 9 mai nauyin giren 124 da ke gudun ƙafa 1,050 a daƙiƙa yana ba da 130, ya tsallake ke nan. Dokokin nan suna sauyawa lokaci zuwa lokaci, don haka a karanta na shekarar da ake ciki.

Na biyu, bindigar da ta zauna a tafin hannunka. CZ Shadow 2 ta ƙasar Cek ƙarfe ce zalla, nauyinta kusan kilo 1.3, kuma nauyin yana shanye shuri, ɗigo ya dawo wurinsa da wuri. Glock 34 ba ta kai giram 800 ba, tana da saurin juyawa daga allo zuwa allo, amma tana neman riƙo mai ƙarfi. Akwai SIG P320 X5 Legion, akwai Walther PDP, akwai Tanfoglio ta Italiya. Kowace tana da masu cin gasa da ita. A ari ta abokai a fili a gwada, a rufe ido a miƙa hannu a buɗe, a ga wadda hancinta ke kallon inda ake nufi. Idan za a saya sabuwa, gara wadda ta fito daga masana'anta da gurbin gilashi, irin tsarin MOS da Glock ta fara a 2015. Idan tsohuwa ce, sai a kai wa ƙwararren maƙerin bindiga ya sassaƙa gurbin daidai da ƙafar gilashin da aka zaɓa, domin ƙafafun ba iri ɗaya ba ne: na Trijicon RMR daban, na Leupold DeltaPoint Pro daban. Sassaƙa tana sa gilashi ya zauna ƙasa ya kuma yi ƙarfi, sai dai ta ɗaure ka da ƙafa ɗaya. Faranti yana ba ka damar sauyawa, amma ya ƙara sukurun da za su iya kwancewa.

Na uku, gilashin kansa. Ɗan gasa yana son faffaɗar taga, don kada ɗigo ya ɓace masa lokacin shuri. Shi ya sa Trijicon SRO, wanda ya fito a 2019, ya samu karɓuwa, ga shi kuma ana sauya batirinsa ta sama ba sai an kwance shi ba. RMR ya fi shi jure wahala, amma tagarsa ƙarama ce kuma batirinsa a ƙasa yake. Mai harbi a inda ruwan sama ko ƙura suka yi yawa ya duba rufaffen gilashi irin Aimpoint ACRO, domin a buɗaɗɗe ɗigon ruwa ɗaya a kan ƙwan lantarkin yana iya tarwatsa hasken. Girman ɗigo kuma da ma'aunin MOA ake faɗarsa. Mai lamba 2.5 yana rufe ƙasa da santimita biyu a nisan mita 25, mai lamba 6 yana rufe kusan huɗu da rabi. Tsakiyar allo faɗinta kimanin santimita 15 ne, faifan ƙarfe kuma 20, saboda haka ko babban ɗigon bai rufe su ba, kuma ido ya fi saurin kama shi. Mai matsalar ido da ke sa fitila ta yi masa wutsiya da dare zai iya ganin ɗigon a warwatse. Wannan ya leƙa cikin gilashi kafin ya biya kuɗi, ya kuma ga likitan ido.

Na huɗu, a yi haƙuri da gyare-gyare. A nan ni da kai bakinmu ɗaya. Sabon shiga yakan so ya sauya sifirin, ya sassauta kunama, ya ƙara nauyi, duk a wata guda, alhali bai san yadda bindigar take a yadda ta zo ba. A fara da abin da ke taimakon riƙo, kamar kaushin mariƙi. A harba dubban harsasai tukuna. In za a sauya wani abu, ɗaya a lokaci guda, a gwada, a rubuta sakamako. Kunamar da aka sassauta fiye da kima haɗari ce, kuma duk gyaran da ya taɓa makullan kariya na bindiga ba gyara ba ne. A wannan wasa, wanda hancin bindigarsa ya juyo bayan layin tsaro, ko ya bar yatsa a kan kunama yana sauya kwanso, ko harsashi ya kuɓuce masa, alƙali yana sallamarsa daga gasar gaba ɗaya, ko shi wane ne. Wannan tarbiyya ita ce gwanintar farko, kuma ba ruwanta da irin saitin da ke kan bindiga.

Akwai mutanen da rubutunka ya manta da su, kuma su ne suka fi sa ni ɗaukar alƙalami. Daga shekara arba'in zuwa sama, idon kowa yana fara kasa ganin abin da ke kusa. Shi ya sa dattawanmu ke nisanta takarda kafin su karanta. Ƙarfen gaba kuwa a tsawon hannu yake, daidai inda ciwon yake. A ƙungiyarmu akwai wani dattijo da ya haura sittin, wanda ya bar gasa shekaru saboda ƙarfen gaba ya zame masa hazo. Ya ci gaba da zuwa yana taya mu liƙe hudojin allo da tayar da faifan ƙarfe, don ba ya iya zaman gida ranar Asabar. Wata rana ɗansa ya ɗora masa gilashi. Ina tsaye a bayansa lokacin da ya harbi jerin faifai shida, suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, kowane da ƙararsa. Ya sauke bindiga, ya nuna wa alƙali babu harsashi, ya mayar kube, sannan ya cire tabarau ya daɗe yana goge ido. Hannunsa bai taɓa mantawa ba, ido ne ya yi masa tawaye. Malam, za ka iya duban wannan bawan Allah ka ce masa ba maharbin gaske ba ne?

Kalma ɗaya ga mai karatu a gida. Duk abin da na faɗa a kan wasa ne da ake yi a ƙasashen da doka ta yarda, a filaye masu rajista, ƙarƙashin idon alƙalai. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar hannu cikin makaman da ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Mutanenmu sun sha wuyar bindiga fiye da yadda baki zai faɗa, kuma ba na son kowa ya ɗauki rubutuna a matsayin kira ga riƙe makami ba bisa doka ba.

Malam, ƙaunarka ga saitin ƙarfe ba laifi ba ce. Ni ma ina ƙaunarsa, ina kuma koya wa duk wanda ya zo hannuna yadda ake amfani da shi, domin ilimi ne da bai kamata ya ɓace ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da ƙauna ta zama hukunci a kan wasu. Roƙona gare ka guda ne: ka ari bindiga mai gilashi, ka ba ta wata uku na atisaye da zuciya ɗaya, ka shiga gasa biyu da ita, sannan ka dawo ka rubuta mana abin da ɗigon ya gaya maka game da hannunka. Sai an gwada akan san na ƙwarai. In bayan haka ka ce har yanzu kana kan bakanka, zan karanta da girmamawa kamar yadda na karanta na farko. Allah Ya ƙara mana fahimta, Ya kuma tsare mu a fili da wajen fili.